Injin Baballe da Jan Rediyon Hamsatu

Ku gyara zama ku ji yadda Baballe ya tashi mai da Birketeri, unguwar nan ta Yawunde, birnin masana'antu, da yadda maganar ta ƙare a hannun rigar Alhaji Garga.

A zamanin shugaba Ahijo ne, lokacin da ko gidan minista babu talabijin. Duk abin da ya faru a duniya ta bakin rediyo yake shigowa unguwa, in kuwa rediyo ya yi shiru, wurin Baballe ake kai shi. Shagonsa na gangaren babban masallaci, tsakanin Alim tela da Mohaman mai faci. Hannu dai Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai bakin ya fi hannun gudu. In ya canja maka batir, sai ya ce ya ceto rediyonka daga bakin kabari. In ya hure ƙura, ya ce tiyata ya yi. Shi ya rubuta wa kansa "Injiniya" a allon shago, in kuwa ka kira shi Baballe kawai, sai ya yi kamar da wani kake.

Matarsa Hamsatu ba ta da yawan magana. Abin da ta fi ji da shi a duniya wani ɗan jan rediyo ne. Lokacin da yake nemanta, Baballe bai iya zance ba. In ya zo sai ya yi ta ba ta labarin kansa har ƙannenta su ɓingire a tabarma. Amma damina guda ya kwashe yana harhaɗa mata rediyon nan da hannunsa a cikin akwatin shayi na katako. Ya shafe shi da jan fenti, ya kawo ya ajiye a gabanta, ya murɗa. Ranar ce kaɗai ta taɓa ganin ya yi shiru. Ranar ce kuma ta ce ta yarda.

Wata rana Baballe ya sayar da ɗan baburinsa mobilet, ya hau jirgin ƙasa zuwa Duwala, bai gaya wa kowa dalili ba. Da zai dawo, a bayan babbar mota ya dawo, a tsaye, hannu ɗaya a kan wani abu da aka lulluɓe da tamfol, ɗayan yana ɗaga wa mutane kamar sabon gwamna.

Jaratu mai ƙosai, wadda katanga ce kawai tsakanin gidanta da nasu, ta ɗago daga kaskonta.

"Injiniya, gawar wa ka ɗauko mana?"

"Gawar talaucin unguwar nan, Jaratu. Yau za mu binne shi."

Aka yaye tamfol. Sai ga wani ƙaton inji ruwan toka, ya fi mutum tsayi, da faffaɗan teburin ƙarfe, da wani kai mai dogon baki kamar na zalɓe yana leƙen teburin. Wata masana'antar haɗa rediyo ce ta rufe a Duwala, aka yi gwanjon kayanta, Baballe ya ɗaga hannu har sai da kowa ya sauke nasa.

"Kun san 'yan ƙananan abubuwan nan na cikin rediyo," in ji shi, "masu kama da tsakiya, masu ƙafar waya biyu? Rezistans da 'yan'uwansu. Ni da hannu nake cusa ƙafafunsu a hujin allo, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya yi ja. To wannan, otomatik! Ka shimfiɗa masa allo mai huji, shi zai ɗauko, ya cusa, ya datse ƙafar, ya lanƙwashe ta ta ƙasa, ya wuce na gaba. Tak-tak-tak! Kafin Jaratu ta juya ƙosai ɗaya, rediyo ya fito yana gaisuwa."

"Au, ashe keken ɗinki ne," in ji Alim.

"Keken ɗinki! Alim, kekenka in ya ga wannan sai ya durƙusa ya gaishe shi."

Mohaman ya zagaya injin yana shafa gemu. "To wa ya koya maka tuƙa shi?"

"Mai gadin masana'antar ya yi mini bayani tsaf. Shekara da shekaru yana jin ƙararsa ta taga."

Injin ya ƙi shiga ƙofar shago. Aka cire ƙofa, ya ƙi. Aka fara fasa bango, sai aka ga rufi na sunkuyowa, aka tuna kuma shagon na Alhaji Garga ne, dattijon da rabin layin ke haya a wurinsa. Sai aka bar shi a gindin mangwaron ƙofar shago, aka yi masa rumfar kwano.

"Daman inji irin wannan ba ya son ɗaki," in ji Baballe.

Ranar da ya fara jona shi da wuta, layin gaba ɗaya ya ɗauke. Lasifikar masallaci ta yanke ana tsakiyar kiran la'asar, sai da ladan ya hau katanga ya ƙarasa da maƙogwaronsa. Baballe ya ce alama ce mai kyau, injin yana da ci. Da aka jawo masa wayar da ta ishe shi, fitilunsa suka kama, ja da kore, amma zalɓen ko gezau. A nan Baballe ya tuna mai gadi ya ce abin da iska yake aiki. Iska kuwa a layin nan mutum ɗaya ke da ita, wato Mohaman da kwamfuresarsa ta busa taya. Aka ja doguwar roba daga rumfar faci, ta tsallake titi, ta shiga cikin injin. Duk tasin da ta taka robar sai injin ya yi shaƙuwa. Duk wanda ya kawo taya kuma, sai Mohaman ya zare robar ya yi aikinsa.

"Mohaman! Ka kashe mini masana'anta saboda tayar keke?"

"Mai keke ya ce useko, ya yi godiya, ya ba ni goro. Masana'anta har yau ko sannu."

Sai kuma maganar mai. Danshin Duwala ya ci gaɓoɓin injin, ɗan gwangwanin man da aka haɗo shi da shi kuwa tun ranar farko ya ƙare. Baballe ya ce mai ai mai ne. A Birketeri kuwa man da ya fi kowanne yawa shi ne wanda masu tsire ke shafa wa nama. Ya karɓo kwalba guda, da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa, ya bi kowace gaɓa ya ɗiɗɗiga. Injin ya yi laushi kam, ba ƙarya. In rana ta take kuma sai ya riƙa tashin ƙamshi, har baƙi su tsaya su ce a yanka musu na ɗari. Kyanwoyi suka zo. Tururuwa ta zo. Daga ƙarshe ɓeraye suka zo, su kuwa ba su tsaya lasar mai ba. A gefen injin akwai wani dogon zaren takarda mai ƙananan huji, wanda shi ke gaya wa zalɓen inda zai soka da inda zai tsallake. Ya sha mai ya yi daɗi. Suka cinye rabinsa.

Baballe ya kai wa Alim ragowar yana riƙe da ita kamar jariri.

"Wannan ne ya tayar maka da hankali?" in ji Alim. "Ni da nake zanen hula? Kawo."

Ya yanko takarda mai tauri, ya ɗauko basilla. Washegari ya dawo da sabon zare, fes.

"Wanda ya yi na farkon ba shi da ido," in ji shi. "Huji a warwatse, wani nan wani can, ba tsari. Na gyara maka. Na sa masa zanen hular da ake yayi bana."

Baballe ya ɗaga zaren ya duba ta hasken rana, ya gyaɗa kai. "Daman abin da zan ce ka yi ke nan."

Saura abinci. Injin ba ya karɓar 'yan tsakiyar nan a warwatse, sai an jera su a kan doguwar ɗamara, kowanne da tazararsa. Ɗan naɗin da ya zo da shi tuni Baballe ya ƙarar wajen nuna wa 'yan kallo. Sabo kuma sai daga Turai, sai an jira jirgin ruwa.

Ana cikin haka ƙungiyar ƙwallon garin ta kai wasan ƙarshe, kuma a wata ƙasa za a buga, ba mai gani sai dai ji. Yawunde ta rikice. Ba a maganar komai sai mash, wato wasan. Sai Baballe ya hau benci bayan sallar Juma'a.

"Jama'a! Wa zai ji wasa irin wannan da tsohon rediyo mai tari? Kowa ya kawo nasa. In ciro kayan cikinsa, in ba inji, ya dasa su a sabon allo. Ranar wasa, kafin a busa usur, kowa zai karɓi sabon rediyo ƙirar Birketeri, mai kamo Makka, mai kamo Landan, mai kamo numfashin gola!"

Da wani ne ya faɗa, da an yi dariya an watse. Amma mutane sun san hannunsa. Suka yi ta kawowa, har da Alhaji Garga, wanda ya sa aka ɗauko ƙaton rediyon falonsa da ɗan mayafinsa na saƙa. Baballe ya zauna da turnabis ɗinsa na kwance noti yana farke cikinsu. Alim yana ɗinke kayan a kan ribin ɗin kwalliyar riga. Allunan kuwa daga ragowar fomikar wani kafinta aka yanko, Baballe ya huhhuda su da ƙusa mai zafi, da ido.

Hamsatu ta leƙo ta zaure ta ga kwanson rediyoyi jibge kamar ƙwaryar da aka kwashe tuwonta. Ta koma ɗaki ta sauke jerenta, samira da kwanuka da fanteka, har ta kai kan babbar kwallar da ke can ƙasa, wadda uwarta ta gada wurin kakarta. Ta sa jan rediyo a ciki ta rufe, ta mai da jere yadda yake. Namiji yana iya shiga ko'ina a gidansa, amma ba ya sa hannu a jeren matarsa. Wanda ya yi, kafin la'asar labarinsa ya kai famfo, har jikokinsa sai an riƙa nuna su da baki.

Ana jibi wasa ya shigo yana murmushin da ba ta yarda da shi ba.

"Hamsatu, ina ɗan jan nan?"

"Wane ɗan ja, Malam?"

"Injiniya."

"Wane ɗan ja, Malam Injiniya?"

"Akwai 'yan abubuwa a cikinsa da suka yi mini ƙaranci. Aro ne kawai. Jibi in ba ki wanda ya fi shi, mai eriya biyu."

"Ni mai eriya ɗaya aka kawo mini, shi na ce na yarda."

Ya buɗe baki zai amsa, sai suka ji wani siririn kiɗan goge yana tashi daga ƙasan jere. Ashe da ta gama jin shirin gaishe-gaishe ta manta ba ta kashe shi ba.

"Hamsatu, kwallarki na waƙa."

"Haka take tun ta kakata, in za a yi ruwa."

Ya matsa. Ya duba ƙofa, ya duba taga. Ya miƙa hannu a hankali har yatsunsa suka kusa taɓa murfin samirar sama. Hamsatu ta juya wajen katanga.

"Yaya Jaratu! Zo ki ga wani abu!"

Hannun ya yi kwana a iska ya sauka a kan hularsa, ya shiga gyara ta.

"Me zan gani?" in ji Jaratu, kanta ya riga ya ɓullo ta saman katanga.

"A'a, bar shi. Ya fasa."

Ranar wasa tun da azahar layi ya cika. An zo daga unguwar Tsinga, an zo daga ta Elig-Edzoa, kowa na son ganin injin da ke haihuwar rediyo. Baballe ya fito cikin farar rigar aiki da ya aro wurin wani mahauci, ya ce "Medam e mesiye" da Faransanci ya fi a ƙirga, ya yi jawabin da ya taɓo Japan da Jamus, sannan ya roƙi Alhaji Garga ya danna koren maɓalli da hannunsa mai albarka.

Alhaji ya taso cikin sabuwar babbar riga ta shadda, tana ƙara tana sheƙi. Ya dafa teburin da hannun hagu don ya leƙa bakin zalɓen da kyau, hannun rigar ya baje a kan allo. Ya yi bisimilla ya danna.

Teburin ya zabura hagu, ya zabura dama. Zalɓen ya sauko. Tak! Bai sami huji ba, fomika ta tsage. Tak-tak! Kayan tsofaffin rediyo ƙafafunsu gajeru ne, ba su da abin kamawa, sai suka shiga tsalle kamar gugguru. Wani ya faɗa hular liman, wasu suka zube a kaskon Jaratu.

"Wayyo ƙosaina! Baballe, wa zai ci ƙosai da waya?"

"Gwaji yake! Yana ɗumama jiki ne!"

Sai teburin ya ƙara zabura, ya jawo hannun rigar Alhaji ƙarƙashin bakin. A nan fa injin ya sami abin da yake so, domin shadda ba ta bukatar a huda mata. Tak-tak-tak-tak! Ya cusa, ya datse, ya lanƙwashe. Ja, ruwan ƙasa, mai zoben zinariya, layi bayan layi suna zagayawa suna haɗuwa.

Alim ya yi tsalle ya hau benci. "Zanena ne! Jama'a ku duba, wallahi zanena ne!"

"Kashe shi!" in ji Alhaji, yana ja da baya, injin na ja gaba. "Baballe, kashe shi, ɗan nema!"

Baballe ya danna ja, ya danna baƙi, ya murɗa wani abu ya cire a hannunsa.

"Alhaji, mai gadin bai kai nan ba a bayaninsa!"

Mohaman ya ruga zai zare roba. Kafin ya kai, wata motar itace ta zo ta tsaya cak a kanta, direban ya leƙo yana kallo. Robar ta kumbura, ta kumbura, ta fashe da ƙarar da ta tayar da jemagun mangwaro. Injin ya ja wani dogon numfashi, ya tura hayaƙi mai ƙamshin tsire, ya mutu, bakinsa a ƙasa, danne da rigar Alhaji.

Wuri ya yi tsit. Cikin shirun nan sai aka jiyo wata sowa can daga tudun Tsinga, inda masu rediyo suke. An fara wasa.

Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ɗauki kwanson rediyonsa ya girgiza, ba abin da ya yi ƙara. "Ina nawa?" "Ina na babana?" Wani matashi ya fara naɗe hannun riga. Alhaji Garga, a sunkuye yadda injin ya riƙe shi, ya ce, "Baballe, kafin magariba ka kwashe kayanka. Shagon da gidan duka. Ka koma Duwala wurin mai gadinka."

Hamsatu na tsaye a bakin zaure. Ta dubi mijinta cikin rigar mahauci, da guntun ƙarfe a hannu, bakinsa a rufe. Rabon da ta ga fuskar nan tun ranar da ya ajiye mata akwatin shayi. Ta san in ta fito da jan rediyonta cikin wannan taro, da wuya ya koma da eriyarsa. Ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar kwanuka ana sauke su da sauri, ba yadda ake sauke jere ba.

Ta fito da abu a ƙarƙashin mayafi. Jaratu ta gane, ta zaro matsaminta daga mai yana ɗiga, ta shiga gaba.

"Hanya! Wanda bai matsa ba in yi masa tambari!"

Hamsatu ta ɗora jan rediyo a kan zalɓen, ta ja eriya, ta murɗa. Muryar mai sharhi ta fito tas, kamar a gindin mangwaron yake tsaye. Wanda ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa. Aka matso, aka danne juna, masu jin Faransanci suna juya wa marasa ji, kowa da irin tasa ƙaryar. Alhaji ya ce a kawo masa kujera, ya zauna a manne da injin, kunnensa ya fi na kowa kusa.

Wasa ya yi zafi, ba ci, har rana ta yi sanyi. Ana gab da tashi muryar ta fara hawa, ta hau, ta hau, ta tsage: "Buuuu!" Ƙwallo ta shiga raga, 'yan garin sun ci.

Birketeri ta tashi sama. Alhaji Garga ma ya tashi, da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi. Kyaaat! Hannun rigar ya zauna wurin injin, shi kuwa bai ma sani ba, sai da ya ga kansa rungume da Mohaman da damtse a waje.

Da ƙura ta lafa, ya dawo yana haki, ya nuna jan akwatin.

"'Yata, wannan ɗan abin ƙirar wace ƙasa ce?"

Hamsatu ta sunkuyar da kai. "Ƙirar shagon nan ce, Baba."

"Da wane inji?"

Ba ta ɗago ba. Ta dai turo baki wajen hannuwan mijinta. Alhaji ya dube su, ya dubi tulin kwanson rediyo, ya dubi damtsensa.

"To. Waɗannan hannuwan za su mai da kayan kowa cikin rediyonsa, ɗaya bayan ɗaya, da nawa za a fara. In an gama, ka ci gaba da zamanka a shagon da gidan. Wancan dodon kuwa ko ruwa kada a ƙara ba shi."

"Daman abin da zan ce ke nan, Alhaji," in ji Baballe, muryarsa ta fara dawowa. Sai ya hango mata sun kewaye guntun rigar suna shafa adon, wata na tambayar Alim ko za a yi mata irinsa a wuyan riga. Idonsa ya yi haske. "Jama'a! Kun ga aiki? Ashe ba mu gane baiwarsa ba ne! Gobe in Allah ya kai mu, masana'antar ado..."

Alhaji ya ɗaga sandarsa. Masana'antar ta rufe a nan take.

Injin dai yana nan gindin mangwaro ya daɗe. Awaki aka riƙa ɗaurewa a ƙafarsa, in rana ta yi zafi kuma har lokacin yana ɗan tashin ƙamshi.

Da yammar ranar, Hamsatu na durƙushe tana mai da jerenta, sai ga Baballe a bakin ƙofa, ya cire rigar mahauci. Jan rediyo na kan tabarma yana kiɗa a hankali.

"Har yanzu yana kamawa tas," in ji shi.

"Wanda ya yi shi ya iya."

Ya yi shiru. Ta ci gaba da goge murfin kwalla ba ta waiwaya ba, don kada ya ga fuskarta, tana fatan shirun ya ɗan daɗe. Ya kuwa daɗe, har ta fara jin kunya.

"Amma fa," in ji shi, "da za ki ba ni shi kwana biyu, in ƙara masa wata 'yar dabara da na gani a Duwala..."

Hamsatu ta ɗauki rediyon ta sa a kwalla, ta kifa murfi, ta ɗora samira a kai. Sannan ta juya wajen katanga.

"Yaya Jaratu!"